Lissafin Rodin Dekin Kafin Ranar Zuba Kankare

Ya ku jama'a masu sauraro, na Tiga da Bebeji da Rahama, da na Kiru da Kwanar Dangora, da na Tudun Wada da Doguwa har can Riruwai cikin duwatsu, da dukan wanda muryarmu ta riske shi a gida ko a gona ko a bakin kasuwa.  Mas'alar da za mu tattauna yau a cikin wannan shiri na faɗakarwa ta gini ce, kuma ta hisabi ce, watau yadda mutum zai san adadin rodin da dekin ɗinsa yake bukata tun bai kai kuɗinsa kasuwa ba. Saboda haka ina roƙon wanda yake da alƙalami da takarda a kusa ya jawo su, wanda kuwa ba ya rubutun boko ya kira ɗansa ɗan makaranta ya zauna kusa da shi, domin akwai alƙaluman da za su zo nan gaba waɗanda kunne kaɗai ba zai riƙe su ba.

Dattawan wannan yanki ba su manta da shekarun 1971 zuwa 1974 ba, zamanin Gwamna Audu Bako, sa'ad da aka tare Kogin Kano aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda jikinta ƙasa ce da dutse aka daddanne, amma mafitar ruwanta da ƙofofinta sai da aka yi musu kankare. Albarkar wannan ruwa ta bi magudana ta sauka Kadawa da Kura, aka shiga noman rani na tumatir da alkama da shinkafa, masunta suka sami abin yi a bakin tafki, manoman masara na Doguwa da Tudun Wada su ma kasuwa ta buɗe musu. Kuma al'adar ɗan Adam ce, idan Allah Ya yi masa buɗi, abu na farko da zuciyarsa take karkata gare shi shi ne muhalli. Shi ya sa yau, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada da dajin Falgore, idonsa ba zai rasa ganin shaguna masu bene da masallatai da makarantun Islamiyya waɗanda rodi ya miƙe a kansu yana jiran dekin ba. Wannan ci gaba ne, muna kuwa yi wa Allah godiya a kansa. Abin da yake damuna shi ne, kayan ginin zamani sun iso garuruwanmu da sauri, alhali ilmin auna su yana tafe a baya da ƙafa.

Kakanninmu magina, waɗanda suka rufa soraye da azarar giginya, suna da ƙa'idarsu wadda ɗa yake gada daga uba: sun san azara ba ta haye fili mai faɗi ita kaɗai, galibi ba ta wuce ƙafa shida sai an yi mata dabara, ko a goya mata wasu azarori daga bango, ko a tayar da bakan gizo, da irin wannan sani ne Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ginin da masana na duniya suke zuwa kallo har yanzu. Soro kuma yana da wata falala, ita ce ba ya ɓoye ciwonsa: idan gara ta ci azara za a gani, idan rufi ya fara lotsawa za a gani, in ya yi yoyo da damina a hau a yi yaɓe. Dekin ba haka yake ba. Ranar da aka zuba kankare, an rufe rodi ke nan har abada, mai kauri ne ko siriri, an jera shi kusa da kusa ko an wawware shi, babu idon da zai sake ganinsa. Filasta da fenti kuwa iri ɗaya suke hawa kan aikin gaskiya da aikin ha'inci. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙidayar rodi ta zama wajibi a yi ta tun da wuri.

To, mene ne amfanin rodin a cikin kankare? Kankare, watau siminti da yashi da tsakuwa da ruwa idan sun haɗu sun daskare, yana da juriya ƙwarai idan nauyi ya danne shi, amma idan aka ja shi ko aka nemi tanƙwara shi, ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ku ɗauki karan dawa ku riƙe bakinsa biyu ku danna tsakiyarsa ƙasa: za ku ga bayan da yake ƙasa shi yake fara tsagewa, domin shi ne ake ja, na sama kuwa matsewa yake yi. Haka dekin yake a tsakanin bango da bango. Cikinsa na ƙasa ne yake shan ja, can ne kuma ake shimfiɗa ƙarfe domin ya ɗauke wa kankare abin da ba ya iyawa. Wani mai aikin lambu a ƙasar Faransa, Joseph Monier, yana cikin na farkon da suka gane wannan, har ya yi rajistar dabararsa ta sa ƙarfe cikin tukwanen shuka na siminti a shekarar 1867. Hikimar Ubangiji kuma ta sa ƙarfe da kankare suna buɗewa da zafi suna tsukewa da sanyi kusan daidai wa daida, ga shi simintin yana kare ƙarfen daga tsatsa muddin ya lulluɓe shi sosai.

Kada kuma mu raina nauyin abin da muke ɗorawa bisa kawunan iyalanmu. Dekin mai kaurin inci shida, watau santimita 15, kowace mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi nauyinta kilo 360 ne, tun ba a ɗora bulo ko tankin ruwa ko buhunan hatsi ko mutane ba.

A nan lalle ne in rarrabe abu biyu waɗanda jama'a suke cakuɗawa, domin cakuɗa su shi ne asalin ɓarna. Akwai hukunta kaurin rodin da za a sa, da tazarar da za a bari tsakaninsu, da kaurin dekin, da inda bim da ginshiƙi za su zauna. Wannan aikin injiniyan gini ne wanda ya karanci fannin, yake kuma da rajista da hukumar COREN mai kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, shi ne zai duba faɗin ɗaki da nauyin da za a ɗora da irin ƙasar wurin, sa'an nan ya zana ya sa hannu. Akwai kuma ƙidaya, watau a ɗauki abin da injiniya ya hukunta a mayar da shi adadin sandunan rodi da kilo da kuɗi. Wannan kuwa duk mai hankalin da ya iya tarawa da rabawa zai iya, shi ne kuma abin da nake son kowane mai gini ya koya a yau. Wanda ya ji wannan shiri ya ce ya wadatu daga injiniya, haƙiƙa bai fahimce ni ba. Kuɗin zane, in aka gwada shi da kuɗin dekin ɗaya, kaɗan ne ƙwarai.

Mu fara da sanin rodin kansa. Ana kiransa da kaurinsa a milimita: akwai mai 8, da mai 10, da mai 12, da mai 16, da mai 20, har sama, wanda aka fi sa wa dekin gidajen zama shi ne mai 12, wani lokaci da mai 10, mai 16 kuwa galibi na bim ne da ginshiƙi. Cikakkiyar sanda ɗaya tsawonta mita 12 ne, ko da yake a naɗe gida biyu take zuwa domin ta shiga mota. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi ta sanin nauyi, ku rubuta ta: a buga kaurin rodin sau kansa, a raba abin da ya fito da 162, amsar ita ce nauyin mita ɗaya a kilo. Misali mai 12: 12 sau 12 ya ba da 144, a raba da 162, ya ba da kimanin giram 890. Ke nan sanda ɗaya mai mita 12 nauyinta kilo 10 ne da kimanin giram 670, tan ɗaya kuma, watau kilo 1,000, zai ƙunshi sanda 93 ko 94. Mai 10 kuwa mitarsa giram 617 ce, sandarsa kilo 7 da giram 400, tan ɗinsa sanda 135 ko kusa da haka. Mai 16 sandarsa ta kusa kilo 19, tan ɗinsa sanda 52 ko 53. Na maimaita saboda mai rubutu: mai 10, sanda 135, mai 12, sanda 93 ko 94, mai 16, sanda 52 ko 53.

Yanzu mu ƙaddara wani bawan Allah a Tiga yana da shago wanda zai yi wa dekin, faɗinsa daga bayan bango zuwa bayan bango mita 4, tsawonsa mita 5, injiniya kuma ya rubuta masa rodi mai 12, tazara santimita 20 ta kowace fuska. Wannan misali ne kawai domin koyon hanya, kada wani ya ɗauke shi ya aza wa ɗakinsa. Rodin dekin saƙa ake yi masa, wasu su bi ta faɗi, wasu su gitta ta tsawo. Waɗanda suka bi ta gajeren ɓangare su ne suka fi ɗaukar nauyi, su ne kuma ake shimfiɗawa a ƙasa, dogayen su hau kansu.

Gajerun za a jera su ne a kan tsawon mita 5, watau santimita 500. A raba 500 da 20, ya ba da 25, sa'an nan a ƙara 1, domin tazara 25 tana bukatar ƙarfe 26, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Wannan ɗayan da ake ƙarawa mutane da yawa suna mantawa da shi. Tsawon kowane guda fa? Mita 4 ne, a cire santimita biyu da rabi a kowane baki domin kankare ya rufe kan ƙarfen, a ƙara santimita 10 a kowane baki saboda lanƙwasa, sai ya tashi mita 4 da santimita 15. Dogayen kuma za a jera su a kan faɗin santimita 400: a raba da 20, ya ba da 20, a ƙara 1, guda 21 ke nan, kowannensu mita 5 da santimita 15. Ga shi mun sami gajeru 26 da dogaye 21, jimla guda 47.

A wannan gaɓa ce nake so ku ƙara kasa kunne, domin a nan ne masu lissafin gaggawa suke zamewa. Idan aka tara tsawon dukan guda 47 ɗin nan za a sami kimanin mita 216, idan kuma aka raba 216 da 12 za a sami 18; sai mai gini ya tafi kasuwa da farin ciki ya sayo sanda 18, yana zaton ya gama. Alhali kuwa ƙarfe yanka shi ake yi, abin da aka yanke kuma ba ya komawa. Gajeru uku sun kai mita 12 da santimita 45, sun fi ƙarfin sanda ɗaya. Ashe kowace sanda guda biyu kawai za ta bayar, ko gajeru biyu, ko dogaye biyu, ko gajere da dogo. Guda 47 a biyu-biyu sanda 24 suke bukata. Bambancin 18 da 24 sanda shida ne, kuma a cikin waɗannan shida ne fitina take ɓuya: ranar ɗauri ta zo, rodi ya ƙare, mai gida ya ce shi ya riga ya saya ba zai ƙara ba, kasuwa tana da nisa, an riga an yi wa lebura alkawarin zubi gobe, sai mai ɗaurin rodi ya wawware tazara, ko ya harhaɗa guntaye a tsakiyar ɗaki inda ja ya fi tsanani, a rufe da kankare kowa ya yi shiru.

Ragowar da aka yanke kuwa ba asara ba ce ga wanda ya tsara yankansa tun a takarda. Idan aka fitar da gajere ɗaya da dogo ɗaya daga kowace sanda, za a rage mita 2 da santimita 70, a raba shi biyu a sami guda biyu masu mita 1 da santimita 35. Sanda 21 za su ba da irin waɗannan 42, su ne kuwa ake bukata a saman dekin, a kan bango da kan bim. Dalili shi ne, a daidai inda dekin ya hau bango ko ya haye bim ya shiga ɗaki na gaba, al'amarin juyawa yake yi, ja ya koma sama. In babu ƙarfe a can, za ku ga tsaga ta bi gefen bango ta sama, ruwan damina ya sami hanya. Zanen injiniya zai nuna adadinsu da tsawonsu, a lissafa su kamar yadda aka lissafa na ƙasa, a duba ko ragowa ta isa ko sai an ƙaro. Sanda 24 ɗin nan nauyinsu kimanin kilo 256 ne, rubu'in tan da 'yan kai, su ne kuma za su riƙe kankaren da ya kai tan 7 da kilo 200 a kan wannan ɗan shago. Mai hankali yakan ƙara kamar kashi 5 cikin 100 saboda kuskuren yanka, ya kuma sa wayar ɗauri a lissafi.

Idan gini ya fi tsawon sanda, ko tilas ta sa a haɗa ƙarfe biyu, ba baki da baki ake haɗa su ba. Sai ɗaya ya hau kan ɗaya da tsawon da ya kai kaurin rodin sau 40 zuwa 50, watau ga mai 12 kimanin santimita 50 zuwa 60, kuma ba a tara mahaɗan duka a layi ɗaya. Wannan hawan ma ƙarfe yake ci, dole ya shiga lissafi.

Baranda mai fitowa waje ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinta ba, irin wadda ake yi wa shagunan bakin titi domin inuwa, ita ce mafi hatsari a cikin duk abin da na ambata, kuma ina roƙonku da girman Allah ku riƙe wannan ko da kun manta da sauran. Ƙarfenta mai ɗaukar nauyi a sama yake zama, ya kuma zarce can cikin dekin ɗaki da nisa domin ya sami abin kamawa. Sau da yawa mai ɗauri yakan ɗaura shi daidai, amma ranar zubi lebura masu ɗauke da kwanon kankare su bi ta kansa su tattake shi ya kwanta ƙasa, ya zama akwai ƙarfe a ciki amma ba a inda zai yi amfani ba. Irin wannan baranda takan karye ne daga gindinta, wani lokaci a ranar da aka cire katako. Maganinsa a lanƙwasa ƙafafun ƙarfe masu tallafe rodin sama, a sa su kusa da kusa, a shimfiɗa katakon da lebura za su bi, a kuma tsayar da mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki ranar sai duban wannan. Haka nan rodin ƙasa ba ya kwanciya a kan katako. Ana tallafe shi da 'yan guntayen siminti da ma'aikata suke kira biskit, masu kaurin santimita biyu zuwa biyu da rabi, domin kankare ya shiga ƙarƙashinsa. Dekin da kuka ga ƙasansa yana ɓamɓarewa, jan ƙarfe ya bayyana, galibi wannan aka tauye masa: tsatsa ta kama rodi, ya kumbura, ya ture kankaren.

Sai batun kasuwa. Mafi yawanmu daga Kano muke sayo rodi, ko a Ƙofar Ruwa ko wajen dillalan da suke sarowa daga can su kawo mana kusa. A farkon shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo da niyyar ƙasa ta wadatu da rodinta. Yau kuwa rodi daga masana'antu barkatai yake fitowa, da yawansu tsofaffin ƙarafa suke narkarwa, akwai mai kyau a ciki akwai wanda bai cika ba, hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ba za ta iya tsayawa a kan kowace mota ba. 'Yan kasuwa masu tsoron Allah suna da yawa, za su gaya maka gaskiyar abin da suke sayarwa in ka tambaya. Amma sanannen abu ne cewa akwai rodin da ake kira mai 12 alhali kaurinsa 11 ne, akwai kuma sandar da ba ta cika mita 12 ba. Kada milimita ɗaya ta yi muku ƙanƙanta a ido: 11 sau 11 ya ba da 121, a gwada da 144, za a ga kashi 16 cikin 100 na ƙarfen ya tafi. Wanda kuwa aka musanya masa mai 12 da mai 10, ya rasa kimanin kashi 30.

Hanyar ganewa tana hannunku, ita ce sikeli da tef. A yanki mita ɗaya cif a ɗora a sikelin da ake auna kaya, in mai 12 ne na gaskiya zai kusanci giram 890. In ya tsaya wajen 750, mai 11 ne aka sauya wa suna. In kuma a tan kake saye, ka ƙidaya: wanda ya ba ka sanda 110 a tan ɗaya na mai 12, kada ka ɗauka kyauta ya yi maka, siririn ƙarfe ya ba ka. A kuma lanƙwasa guntu ɗaya a gani. Rodi nagari yana tanƙwaruwa ba tare da ya tsage ko ya ƙalle ba. 'Yar tsatsa ja-ja ta sama ba ta da lahani, amma wadda take ɓarewa ɓawo-ɓawo, da mai, da laka, sai an kankare su kafin zubi.

Ku dubi yadda ƙananan ragi suke taruwa su zama babba. An ce tazara santimita 20, watau ƙarfe biyar a kowace mita. Mai ɗauri ya mayar da ita 25, ƙarfe huɗu ke nan, humusi ya tafi. Rodin kuma ya zo mai 11 a maimakon 12. In aka haɗa biyun, sulusin ƙarfen da injiniya ya hukunta babu shi, ga shi kowa a wurin yana ganin abin da ya rage kaɗan ne. In aka ƙara da kankaren da aka tsuga wa ruwa domin ya yi saurin zubuwa, da yashi mai laka, da cire katako kafin mako uku saboda ana son a kai shi wani aiki, da rashin shayar da dekin ruwa aƙalla kwana bakwai a irin zafin bazararmu, alhali kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi, to an tara sabubban rushewa ɗaya bisa ɗaya. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta ana cikin gininsa a titin Beirut a ƙarshen watan Agusta na 2022 ba, da yadda aka yi ta tonon mutane daga ƙarƙashinsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kiyaye na gaba.

Malamanmu sun fi ni sanin matsayin wannan a shari'a. Alƙur'ani mai girma yana da sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye mudu, ya kuma ba mu labarin mutanen Madyana da abin da ya same su bayan Annabi Shu'aibu, alaihis salamu, ya gargaɗe su a kan awo. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya yi bayanin ɓoye aibin kaya a ciniki, ya kuma ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka damƙa musu. Ra'ayina shi ne tauye rodi ya fi tauye mudun hatsi muni, domin wanda aka tauye wa hatsi dukiyarsa aka ci, wanda kuwa aka tauye wa rodi ransa aka sa a hatsari, da na matarsa da 'ya'yansa da baƙon da ya zo wucewa ya fake wa rana. Kuma laifin bai tsaya ga ɗan kasuwa da ɗan kwangila ba. Mai gidan da ya matsa wa ma'aikaci ya rage ƙarfe domin kuɗin fenti da tayil su fito, shi ma yana da kamasho a ciki. Wanda kuɗinsa bai kai dekin na ƙa'ida ba, ya rufa kwano ya jira buɗi, babu abin kunya a cikin wannan.

Ina da magana ta musamman ga kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya na garuruwanmu, waɗanda suke gini da sadakar jama'a, taro da sisi, su ɗora bene domin ɗalibai sun yi yawa. Ɗakin karatu ya fi ɗakin kwana faɗi, yara kuma da yawa suke taruwa a kansa lokaci guda, saboda haka abin da ya isa gidan zama ba lalle ne ya ishe shi ba, kuma ƙara bene a kan ginin da ba a yi harsashinsa domin bene ba sai da iznin injiniya. A cikin kowane irin wannan kwamiti akwai malamin da ya iya hisabin rabon gado, yana fitar da sumuni da sudusi ba ya kuskure; lissafin rodi bai kai wannan wuya ba. A damƙa masa zane da tef, a rubuta adadi a littafin kwamiti, a karanta wa jama'a.

Saboda haka, ya kai mai gini, idan an gama ɗauri, kafin ka kira masu zubi, ka kira injiniyan da ya yi zane ya zo ya gani da idonsa, kai ma ka hau tare da shi da takardarka a hannu. Ka ƙidaya gajeru, ka ƙidaya dogaye, ka aza tef a wurare dabam-dabam ka ga ko ƙarfe biyar ne a mita kamar yadda aka rubuta, ka duba biskit a ƙasa da ƙafafun ƙarfe a sama, ka tsaya a kan baranda ka tabbata rodinta yana sama. In ka ga abin da bai yi daidai ba, ka ɗage zubi ko da an riga an jiƙa yashi an dafa wa lebura abinci. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu kuɗinsa sananne ne, kuma za ka iya biya. Ku kuma 'yan'uwana masu ɗaurin rodi da birkiloli da kafintoci, idan mai gida ya nemi ku rage, ku gaya masa gaskiya a gaban shaidu, in ya ƙi ji ku ajiye aikin.

A nan za mu dakata. Wanda ya rubuta alƙaluman nan ya adana takardar, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa da yake shirin gini. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.